Kafin su duba manhajar, takardar ƙirƙira suka fara tambaya

Injiniya Bala (Khobar):
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema. Ƙanena Nafi'u da ke Jidda ya kusa shekara biyu yana haɗa wata manhajar waya: idan an yi hatsarin mota, sai ka ɗauki hoton inda ya lotse ta ɓangare huɗu, ita kuma ta auna ɓarnar ta faɗi kimanin abin da gyara zai ci. Makon jiya wani kamfani da ke yi wa masu inshora aiki ya gayyace shi, na taso takanas daga Khobar na raka shi. An kawo gahawa da dabino, Nafi'u ya ciro waya zai nuna, sai mutumin ya ɗaga hannu ya ce, "Kuna da bara'a?" Wato takardar haƙƙin ƙirƙira, wadda Larabawa ke ce wa bara'atul ikhtira'. Muka ce babu. A nan na ga fuskarsa ta sauya. Ya dai duba, ya yaba, ya ce mu dawo bayan mako biyu.

Tun ranar na duƙufa karatu, kuma abin da na gani ya hana ni barci. A 2011 kamfanin Nortel na Kanada ya riga ya durƙushe, amma da aka yi gwanjon takardun ƙirƙirarsa kimanin 6,000, Apple da Microsoft da Ericsson da Sony da EMC da masu BlackBerry suka haɗa kai suka biya dala biliyan 4.5. Google ne ya buɗe tayi da dala miliyan 900, aka doke shi. Ba a yi wata biyu ba ya sanar zai sayi Motorola Mobility a kan dala biliyan 12.5, kamfanin da ke riƙe da takardu kimanin 17,000. A 2014 ya sayar wa Lenovo ɓangaren wayoyin a kan dala biliyan 2.91, ya riƙe mafi yawan takardun. To ku gaya min, waya Google ya saya ko takarda? Ni dai na yanke cewa wanda ba shi da takarda ba shi da abin sayarwa. Ina shirin ciro kuɗin da nake tarawa na gini a Kano in yi wa yaron nan rajista. Wanda ya san harkar ya faɗa min ko na yi daidai.

Alhaji Ɗanlami (Batha, Riyad):
Wa alaikumus salam Injiniya. Allah ya yi wa Nafi'u albarka. Ni ban san bara'a ba, amma na san taƙbili. Idan ka ga an manna takarda a ƙofar shago a nan Batha ana neman mai karɓa, ba kantoci da fanka mai saye yake biya ba, wurin yake biya da mutanen da suka saba tsayawa a bakin ƙofar. Ina jin su ma haka ne. Amma kuɗin gini kam, kar ka taɓa tukuna.

Abu Yasir (Riyad):
Injiniya, ka yi haƙuri zan tsawaita, don wannan ita ce sana'ata. Shekara tara ke nan ina fassara takardun neman bara'a daga Turanci zuwa Larabci a wani ofishin wakilai. Labarin Motorola gaskiya ne, amma ka tsaya a tsakiyarsa. Lokacin da Google ya saya, akwai shari'a tsakanin Motorola da Microsoft a kan takardun Wi-Fi da na bidiyo. Abin da Motorola ke nema, a lissafin Microsoft, ya kai dala biliyan 4 duk shekara. A 2013 alƙali ya zauna ya auna takardun, ya yanke kimanin dala miliyan 1.8 a shekara. Biliyan huɗu ina, miliyan biyu ina? Haka Kodak. Injiniyansu Steven Sasson ne ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, kuma da kamfanin ya karye a 2012 an yi ƙiyasin takardunsa kimanin 1,100 za su iya kai dala biliyan 2.6. Da aka je kasuwa, kimanin miliyan 525 aka samu.

Shi ya sa masu nazarin irin wannan ciniki ba sa ƙirga takardu kamar buhunan shinkafa. Guda ɗaya suke ɗauka, su tsallake bayani da zane-zane, su tafi can ƙarshe inda aka jera abin da mai ƙirƙira ke iƙirarin nasa ne, da lamba 1, 2, 3. Nan ne katangar filin take. Idan iƙirari na farko gajere ne, filin na da faɗi. Idan ya cika rabin shafi da sharaɗi goma, duk wanda ya kauce wa sharaɗi ɗaya ya fita daga hannunka. Na taɓa kwana biyu a kan jimla guda, ko in fassara ta "ya ƙunshi kaza da kaza" ko "bai ƙunshi komai ba sai kaza da kaza", domin ta farko ta bar ƙofa a buɗe, ta biyu ta kulle mai takardar a ɗaki. Daga nan sai su duba ranar shigarwa, tunda shekara 20 daga ranar ake ƙirgawa, ba daga ranar da aka ba ka ba. Su duba ƙasashen da aka yi rajista, don bara'ar Amurka ba ta hana kowa komai a Jidda. Sai tambayar da ta fi kowacce nauyi: an taɓa kai takardar nan kotu ta tsira?

Maman Sudais (Jidda):
Abu Yasir ya gama da waya, bari in shigo ta ɓangaren inshora, tunda a sashen biyan diyya nake aiki. Akwai labarin da ya yi kama da na Nafi'u kamar an tsaga kara. EagleView kamfani ne a Amurka da ke auna rufin gida daga hoton sama, ta yadda idan ƙanƙara ko guguwa ta yi ɓarna, ma'aikacin inshora ba sai ya hau tsani da tef ba. Verisk kuma shi ne mai Xactware, wanda kamfanonin inshorar can ke lissafin kuɗin gyara da manhajarsa. A farkon 2014 Verisk ya amince zai sayi EagleView dala miliyan 650. A watan Disamba hukumar da ke hana babakere a kasuwa ta ce ba ta yarda ba, domin Verisk ne babban abokin gasar EagleView a wannan aikin, in ya haɗiye shi an gama. Ciniki ya watse. A 2015 EagleView ya kai ƙarar Verisk da Xactware cewa ana amfani da ƙirƙirarsa ba izini. A 2019 aka yanke masa diyyar dala miliyan 125, a 2021 alƙali ya ninka ta uku zuwa miliyan 375 saboda an tabbatar da gangan aka yi, kuma kafin shekarar ta ƙare suka sasanta suka koma aiki tare.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, wanda ya zo sayenka ya riga ya leƙa cikin ɗakinka. Idan ciniki ya watse ba zai manta abin da ya gani ba. Injiniya, don Allah, kun sa hannu a yarjejeniyar rufe sirri kafin Nafi'u ya nuna musu?

Injiniya Bala (Khobar):
Hajiya, ba mu sa hannu a komai ba. Yadda take aiki a fuskar waya kawai suka gani, ba su ga cikinta ba. Amma kin ga ai maganata ta fito: da EagleView ba shi da takarda, da ya tashi a tutar babu.

Abu Yasir (Riyad):
Ta fito rabi. EagleView ya ci, amma a inshora waɗanda suka faɗi suna da yawa. Progressive, wani kamfanin inshorar mota a Amurka, na da takardu tun shekarun 1990 a kan ɗan akwatin da ake maƙalawa a ƙarƙashin sitiyari, yana lura da gudunka da yadda kake taka birki da lokacin da kake tuƙi, sai a yanka maka kuɗin inshora daidai da halinka. A 2010 ya kai ƙarar wani kamfanin inshora, Liberty Mutual. Liberty Mutual kuma sai ya zagaya ya je hukumar da ta ba da takardun ya ce a sake dubawa, an riga an san wannan dabarar. A 2014 aka soke iƙirarorin, a 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar. Mai ƙara ya fita ba takarda.

Ga kuma USAA, kamfanin inshora da banki na sojojin Amurka da iyalansu, mai takardu a kan ɗaukar hoton cakin banki da waya kuɗi su shiga asusu. Ya ci bankin Wells Fargo dala miliyan 200 a 2019, ya ƙara cin miliyan 102.8 a 2020. Ya ci bankin PNC miliyan 218 a 2022, amma a Yunin 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe wannan hukuncin, ta ce abin da aka yi iƙirari tunani ne kawai da aka ɗora wa na'ura. Tushen wannan shi ne hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2014 a shari'ar Alice da bankin CLS: ba za ka ɗauki dabarar kasuwanci ka ce "a yi ta da kwamfuta" sannan ka mallake ta ba.

A nan Saudiyya ma dokar bara'a ta 2004 ta fito fili ta cire tsare-tsare da hanyoyin gudanar da kasuwanci da hanyoyin lissafi daga abin da ake ba wa kariya. Idan Nafi'u ya rubuta "hanyar ƙiyasta diyya ta amfani da hoto", ina tsoron kuɗin gininka zai tafi a banza. Idan kuwa akwai sabuwar dabara a yadda yake ciro zurfin lotsewa daga hoto, ko yadda yake gyara ƙyallin rana a jikin fenti, to a nan akwai magana.

Sani Mai Waya (Shara Mansur, Makka):
Yayyena, ni dai duk abin nan ban ga inda ya amfani ƙaramin mutum ba. Apple da Samsung sun fara shari'a a 2011, aka yanke wa Samsung biyan sama da dala biliyan 1 a 2012, aka je har Kotun Ƙoli a 2016, aka dawo miliyan 539 a 2018, sannan suka sasanta. Shekara bakwai! Wa ke da kuɗin lauyan shekara bakwai? Kuma a 2006 masu BlackBerry sun biya wani kamfani NTP dala miliyan 612.5, kamfanin da bai taɓa ƙera waya ko ɗaya ba, don kar kotu ta rufe musu aiki a Amurka. Ni kullum ina buɗe wayoyin nan a kan tebur, kusan duk tsarin cikinsu ɗaya ne. Wannan ba ɓoye ilimi ba ne? Allah gafarta Malam, ya halatta ma kuwa?

Malam Tukur (Madina):
Sani, Allah ya yi maka albarka, tambayarka a kan hanya take. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, mai mazauni a Jidda, ta zauna a kan wannan a taronta na biyar a Kuwait, Disamba 1988, a ƙuduri mai lamba 43. Ta ce sunan kasuwanci da tambari da haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce ta masu su, shari'a ta kare ta, ba ya halatta a keta, kuma ana iya sayar da ita matuƙar ba yaudara ko garari. Game da ɓoye ilimi, Abu Yasir zai gyara min in na kuskure, amma sharaɗin samun takardar shi ne ka bayyana yadda abin yake dalla-dalla, a buga kowa ya karanta, bayan shekara ashirin ya zama na kowa. Wanda ya ɓoye shi ne wanda ya ƙi yin rajista. Inda nake tare da kai shi ne mai tara takardu ba don ya yi aiki da su ba, sai don ya tare wa mutane hanya ya karɓi kuɗi. Wannan zuciyata ba ta natsu da shi ba, yana tuna min hadisin da Muslim ya ruwaito a kan mai ɓoye kaya don su yi tsada. Wannan fahimtata ce, ba fatawar majalisa ba.

Ɗan Mai Wurno (Makka):
Malam ya yi daidai. Bari in ƙara da abin da muke alfahari da shi a Sudan. Kamfanin inshorar Musulunci na farko a duniya a Khartum aka kafa shi a 1979, bankin Faisal ne ya kafa. Dabarar ita ce kuɗin da mahalarta suka zuba gudummawa ce, asusunsu daban da na masu jari, rarar da ta rage ta koma musu. Ba wanda ya yi wa wannan tsarin katanga. Shi ya sa ya je Malesiya, ya zo nan, ya je Najeriya. Da an kulle shi shekara ashirin, da takaful, wato inshorar Musulunci, ba ta kai inda ta kai ba. Ban ce Nafi'u ya ba da guminsa kyauta ba. Cewa nake doka ta yi adalci da ta raba tsakanin dabarar ciniki da na'urar da mutum ya ƙera.

Alhaji Ɗanlami (Batha, Riyad):
Hajiya Maman Sudais, ina da 'yan hannun jari a wani kamfanin inshora a Tadawul, kasuwar hannun jarin Saudiyya. Haɗe-haɗen da ake ta yi a nan, su ma saboda bara'a ne?

Maman Sudais (Jidda):
A'a Baba Alhaji, nan labarin daban ne. Walaa ya haɗe da MetLife AIG ANB a 2020, ya ƙara da SABB Takaful a 2022. Gulf Union da Al Ahlia sun haɗe a 2020. Arabian Shield ya ɗauki AlAhli Takaful, sannan Alinma Tokio Marine a 2023. Abin da ke tura su jari ne: kamfanoni sun yi yawa, ƙanana ba sa iya ɗaukar asarar inshorar mota da ta asibiti, hukuma kuma tana son masu ƙarfi. Tun 2023 ma Hukumar Inshora ce ke kula da su, ba babban banki ba. Abin da ake saye shi ne lasisi da jari da kwastomomi, taƙbilin da ka faɗa ɗazu ke nan.

Kuma wannan ya shafi Nafi'u kai tsaye. A nan idan an yi hatsari Najm ake kira, kamfanin da ke rubuta rahoton hatsari don masu inshora, wanda aka kafa tun 2007, kuma ƙiyasin ɓarna yana bi ta cibiyoyin hukuma da ake kira Taƙdir. Ni a teburina ba zan biya diyya da lissafin wata manhaja ba, komai kyanta, sai da takardar da tsari ya amince da ita. Ka dubi manhajar Tameeni: kamfanin Rasan da ke da ita ya shiga Tadawul a 2024, kuma ƙarfinta shi ne an jona ta da kamfanonin inshora, mutum ya ga farashinsu a wuri ɗaya ya saya nan take. Don haka ina jin mutumin nan da ya tambayi bara'a, abu biyu yake son sani: shin in mun ƙi saye za ku iya hana mu yin namu, kuma shin in mun saya wani zai zo ya ce nasa ne?

Injiniya Bala (Khobar):
Wannan tambaya ta biyun ban taɓa kawo ta a raina ba. Wa zai ce nasa ne, alhali a gabana yaron ya rubuta?

Abu Yasir (Riyad):
Mutum biyu. Na farko, wanda ya riga shi shigar da takarda a kan dabarar, ko da Nafi'u bai taɓa jin sunansa ba. Auna ɓarnar mota daga hoto fili ne da kamfanoni da yawa suka daɗe a ciki, don haka kafin a kashe riyal ɗaya a shiga shafukan binciken bara'a irin su Google Patents da Espacenet da Patentscope, kyauta ne, a kwana ana karanta iƙirarorin wasu. Na biyu, kamfanin da Nafi'u ke wa aiki. Dokar nan ta ce ƙirƙirar da ta fito daga aikin da aka ɗauke ka ka yi, ko da kayan aikin mai aiki da bayanansa, mai aikin ne ke da ita, sai in yarjejeniya ta faɗi akasin haka. A ciro kwantiraginsa a karanta. Da kwamfutar wa ya yi? Hotunan da ya horar da manhajar da su, daga ina?

Idan duka biyun sun fita lafiya, hanyar ba ta kai tsadar gida ba a matakin farko. Ana shigarwa ta intanet a Hukumar Mallakar Fasaha ta Saudiyya, wadda ta karɓi aikin daga KACST, cibiyar kimiyya da fasaha ta Sarki Abdul'aziz, kuma kuɗin mutum ɗaya bai kai na kamfani ba. Daga ranar yana da wata 12 ya nemi wasu ƙasashe da wannan ranar ta farko, kuma tunda Saudiyya ta shiga yarjejeniyar PCT ta neman bara'a a ƙasashe da yawa da takarda ɗaya a 2013, zai iya jinkirta zaɓen ƙasashe har wata 30. Tsadar tana wajen wanda zai rubuta iƙirarin, da fassara, da kuɗin shekara-shekara. Lambar shigarwa kaɗai ta isa ya koma teburin nan da ita. Rubutun manhajar kuwa dokar haƙƙin wallafa ta riga ta kare shi daga kwafa, dabarar ce ba ta kare ba.

Sani Mai Waya (Shara Mansur, Makka):
To in sun kwaikwaya duk da haka fa? Ya kai kamfani kotu da albashinsa?

Maman Sudais (Jidda):
Da wuya, ƙanena, ba zan ɓoye maka ba. Amma kamfanin da ke neman aiki a wurin masu inshora ba ya son a ce akwai ƙara a kansa a kotun kasuwanci, don mu kanmu kafin mu ɗauki manhaja sai lauyoyinmu sun tambayi wannan. Sau da yawa nan amfanin takardar yake, a kan tebur, ba a gaban alƙali ba.

Nafi'u (Jidda):
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Yaya Bala ne ya saka ni yanzu, na karanta komai daga sama, na gode ƙwarai. Kwamfutar tawa ce, da dare nake yi, kuma aikina na ofis bai shafi mota ba. Hotunan ni na ɗauka a garejin wani abokina a Sana'iyya, da izininsa. Dabarar da nake ganin sabuwa ce ita ce yadda nake amfani da lambar motar a matsayin ma'auni, tunda girmanta sananne ne, in gano nisa da zurfi. Sai dai akwai abin da ban gaya wa Yaya ba. Na taɓa ɗora bidiyo a YouTube ina nuna yadda take aiki, kuma na ɗan yi bayanin wannan ɓangaren. Mutanen da suka kalla ba su kai ɗari uku ba. Zai zama matsala?

Abu Yasir (Riyad):
Nafi'u, ba yawan masu kallo ake dubawa ba. Sharaɗin bara'a shi ne abin ya zama sabo, ba a bayyana shi ga jama'a ba a ko'ina kafin ranar shigarwa, kuma bayanin da ka yi da bakinka ana iya kafa hujja da shi a kanka. Amurka tana ɗaga wa mai ƙirƙira ƙafa na shekara ɗaya, Turai kusan ba ta ɗagawa. Kar ka goge shi, don gogewa ba ta mayar da shi sirri, kuma wakili zai buƙaci ya ji ainihin abin da ka faɗa da abin da ba ka faɗa ba. Ka mayar da shi na kanka kaɗai yanzu, ka turo min ta akwati. Wace rana ka ɗora shi?

Nafi'u (Jidda):
Bari in duba, Yaya. Ina jin bayan ƙaramar sallah ne.

Injiniya Bala (Khobar):
Ka duba ranar daidai, ba "ina jin" ba. Zan kira mutanen gobe in ce a ɗaga zaman zuwa ƙarshen wata. Abu Yasir, ina Riyad ranar Alhamis, in ka samu sarari bayan isha'i zan zo da kwantiragin nasa da bidiyon.